Fuskar Jariri a Jikin Kwalba: Tarken Hotunan Tallar Magunguna a Amurka da Ingila

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin tarken takardun talla a mujallar da aka keɓe wa waƙa da gajeren labari da wasan kwaikwayo. Hujjarmu ita ce, duk dabarun da muke koya wa ɗalibai a ajin adabi, wato siffantawa da alamtarwa da mutuntarwa da kambamawa, babu wanda ya kai mai talla iya sarrafa su, domin shi tuwonsa a kansu ya rataya. Idan marubuci ya zana hoton da bai dace ba, iyakarta a yi masa gyara ko a ajiye littafinsa. Hotunan da za mu duba a wannan maƙala kuwa an saye su, an gaskata su, an kuma ɗura wa jarirai abin da suke tallatawa da cokali. Saboda haka sun cancanci a yi musu karatun tsanaki irin wanda muke yi wa baitin waƙa.

Magungunan da muke magana a kansu su ne waɗanda suka cika kantunan Amurka da Ingila tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa farkon ƙarni na 20, ana sayen su ba tare da takardar likita ba. Sunan da Turawa suka ba su ya samo asali ne daga takardar amincewa da sarakunan Ingila kan ba wasu masu sana'a, sai sunan ya sa mutane suna zaton hukuma ta bincika ta sa hannu. Gaskiyar al'amari ita ce mafi yawan masu haɗa su sun guje wa rajistar mallakar ƙirƙira, domin sharaɗin wannan rajista shi ne mutum ya bayyana abin da ya zuba a cikin haɗinsa. Abin da suka yi wa rajista shi ne suna da tambari da siffar kwalba da zanen takardar da ke manne a jikinta. Wannan batu shi ne mabuɗin nazarinmu gaba ɗaya. Tunda an ɓoye abin da ke cikin kwalba, tilas wani abu ya tsaya a madadinsa ya yi wa mai saye rantsuwa, kuma abin da aka zaɓa ya yi wannan rantsuwa shi ne hoto. Hoton yaro ya hau kujerar da jerin sinadarai ya kamata ya zauna.

Fasahar ɗab'i ta taimaka ƙwarai. Bayan babban baje kolin da aka yi a Filadelfiya a 1876, katunan talla masu launi, waɗanda ake bugawa da dutse, sun yi arha har ana ba da su kyauta a kantin magani. A gidajen talakawa da yawa su ne hotuna masu launi na farko da suka shiga ɗaki. Mata da yara kan tara su, su manna a cikin kundi, wasu katunan kuma akwai kalanda a bayansu don kada a jefar da su sai shekara ta ƙare. Ke nan tallar ba ta wucewa kamar ta mai lasifika a tasha. Zama take yi a gida, yaro yana wasa da ita.

Bari mu fara da wanda ya fi kowanne suna, wato Mrs. Winslow's Soothing Syrup, maganin ruwa na lallashin jarirai masu fitar da haƙori, wanda Jeremiah Curtis da Benjamin Perkins suka fara sayarwa daga garin Bangor na jihar Maine a cikin shekarun 1840. Kafin 1870 ana sayar da kwalba fiye da miliyan ɗaya da rabi a shekara. Katunansa na shekarun 1880 kusan duk jigonsu ɗaya ne: uwa matashiya, kyakkyawa, sanye da tufafi masu taushi, a kan gado mai fararen zannuwa ko a kujera, 'ya'yanta ɓul-ɓul suna jingine da ita, kumatunsu jawur, ɗakin fes. Mai nazari kan fara da tambayar abin da aka nuna, amma a nan abin da aka cire ya fi yin magana. Babu yaro mai kuka. Babu zazzaɓi, babu gudawa, babu zanin da ya ɓaci. Babu likita, babu uba, babu alamar cewa matar nan za ta tashi da asuba ta tafi wani aiki. An ɗauke duk daren da ya sa uwa ta nufi kantin magani, an bar mata safiya kawai. Rubutun da ke tafiya da hoton a jaridu shi ne yake ɗauke da daren: yana tambayar uwa ko kukan ɗanta ya hana ta barci, yana umurtar ta da ta je maza ta sayo kwalba, yana yi mata alkawarin cewa yaron zai yi barci mai daɗi irin na halitta, kuma ɗan mala'ikan zai farka garau. An raba aiki ke nan: kalmomi su tsorata ta, hoto ya kwantar mata da hankali.

Abin da ke cikin kwalbar shi ne mofin, wato ƙwayar da ake tacewa daga ofiyom, an narkar da shi cikin barasa da ruwan sukari. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin miligiram 65 a cikin kowane oza guda na ruwan. Dole mu yi wa tallar adalci a nan, mu ce ba ƙarya zalla ta yi ba, kuma wannan ne ya sa ta fi ƙarya haɗari. Mofin yana kashe zafi, yana sa barci, yana kuma ɗaure ciki, don haka uwar da ta ba ɗanta mai kuka da gudawa za ta ga aiki nan take, gani kuwa ya kori ji. Abin da ba ta gani shi ne yadda ƙwayar ke rage numfashin jariri, da yadda take kashe masa sha'awar nono har ya rame, da yadda yake sabawa da ita ta yadda in an daina sai kukan ya ninka, a sake komawa kanti. Wasu jariran ba su farka ba sam.

Kalmar nan ta ɗan mala'ika ta fi ƙarfin a wuce ta da sauri. A al'adar Turawan wancan zamani, ƙaramin mala'ika mai fukafukai da jikin jariri alama ce ta yaron da bai san zunubi ba, kuma masu talla sun yi ta yayyafa shi a jikin katuna yana ɗauke da kwalba ko furanni. To amma wannan siffa ɗin ita ce masu sassaƙa suke ɗorawa a kan kaburburan yara. A zamanin ne kuma iyaye kan kira mai hoto ya ɗauki gawar jaririnsu an shirya shi kamar mai barci, cikin fararen kaya. Wato al'ummar tana da hoto ɗaya tak na yaro mai lafiya da ya yi lamo da yaron da ya rasu. Ba mu ce masu tallar sun yi haka da gangan ba. Abin da muke cewa shi ne alamar da suka ara tana da fuska biyu tun kafin su taɓa ta, kuma abin da ke cikin kwalbarsu yana iya kai yaro ga kowace daga cikin biyun. A ajin waƙa da mun kira wannan gwaninta, mu yaba wa mawaƙin da ya sa kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu masu karo da juna. A nan gwanintar ta faɗo ne a kan wanda bai nema ba.

Sai sunan kansa. An ce Charlotte Winslow mace ce mai kula da jarirai, surukar Curtis, kuma tallar ta riƙa gabatar da ita a matsayin tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai dogon sani. Da an rubuta sunan kamfani a jikin kwalbar, da mai saye ta tuna ciniki take yi. Da aka rubuta sunan tsohuwa, sai ta ji kamar ungozoma ce ko kaka ta miƙo mata abu daga ƙullin zaninta. Wannan mutuntarwa ce cikakkiya: kwalba ta zama mutum, mutumin kuma wanda ba a yi wa musu. Sunan ya shiga bakin jama'a har Edward Elgar, mai tsara kiɗan nan na Ingila, ya laƙaba shi ga wani sassanyan kiɗa da ya tsara yana saurayi a ƙarshen shekarun 1870.

Wadda ta kai wannan dabara matuƙa ita ce Lydia Pinkham ta garin Lynn a jihar Massachusetts, wadda ta fara sayar da haɗinta na cututtukan mata a 1875. Daga 1879 aka fara sa fuskarta a jikin kwalba: dattijuwa mai furfura, gashi a ɗaure, wuyan riga a rufe, kallon mai tausayi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma matan Amurka fuskar suka tambaya. Sunan haɗin ya nuna cewa daga itatuwa da saiwoyi aka yi shi, kuma haka ne, sai dai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan barasa ne, alhali ita mai fuskar tana cikin masu yaƙi da shan giya, haka ma ɗimbin masu sayen. Tallar kan gayyaci mata su rubuta wa Mrs. Pinkham wasiƙa su faɗi damuwarsu, mace ce za ta karanta, mace za ta amsa. Lydia ta rasu a 1883. Wasiƙu suka ci gaba da zuwa, amsoshi suka ci gaba da fita, har 1905 da Edward Bok ya buga hoton kabarinta a mujallar Ladies' Home Journal. Kamfanin ya kare kansa da cewa surukarta yake nufi, ita ma ai Mrs. Pinkham ce. Abin lura ga ɗalibin adabi shi ne da hoto aka gina amanar, da hoto kuma aka rushe ta. Dogayen bayanan likitoci ba su yi abin da dutsen kabari guda ya yi ba.

Sauran misalan ba sa buƙatar dogon sharhi. A 1885 wani kamfani a Albany ta jihar New York ya yi tallar ɗigon maganin ciwon haƙori na koken, abin da muke kira hodar Iblis, a kan santi 15, da hoton yara biyu suna gina ɗan gida da itatuwa a tsakar gida. Wannan bai ma ɓoye sunan ƙwayar ba, domin a lokacin ba a haramta ta ba, amma yaran ne suka gaya wa mai saye cewa abin wasa ne. Kamfanonin Ayer da Hood na garin Lowell kuwa sun cika gidaje da kalandu da katuna masu fuskokin 'yan mata ƙanana da furanni da 'ya'yan itatuwa, suna tallar ruwan saiwar sasafarila da suka ce yana tsarkake jini.

Wannan magana ta tsarkake jini ita ta kawo mu kan harshe, inda muke ganin Bahaushe yana da wata fa'ida wajen karanta waɗannan talloli da Baturen wancan zamani ba shi da ita. Kalmar Turanci da tallolin suka fi so ita ce pure, wadda mu ma muka ara a cikin sunan ruwan leda, fiyawata. Idan aka ce Bahaushe ya fassara ta, sai ya tambaya wacce ake nufi. Akwai tsarki, wanda ya shafi ibada da zuciya da rashin zunubi. Akwai tsabta, wadda ta shafi jiki da tufa da muhalli. Akwai kuma tsantsa ko zalla, wato abin da ba a gauraya da komai ba, kamar zuma tsantsa. A wurinmu mutum na iya zama da tsabta ba shi da tsarki, guba kuma na iya zama tsantsa. Turanci ya tara ukun a kalma ɗaya, masu talla kuwa suka zauna daidai kan mahaɗar. Jaririn da ke jikin kati yana da tsarki, domin alƙalami bai hau kansa ba. Zannuwan gadon suna da tsabta. Ido ya ga waɗannan biyu, sai zuciya ta ƙarasa na ukun da kanta, ta ɗauka cewa ruwan da ke cikin kwalba shi ma ba shi da wani mugun gauraye. Babu inda aka rubuta wannan hujja, don haka babu inda za a kama ta a ƙaryata. Wannan ita ce illar hoto idan aka kwatanta shi da jimla: jimla ana iya kai ta kotu.

Tsarkin nan kuma yana da launi, yana da aji. Duk yaran katunan da aka ɗora wa wannan siffa farare ne. Inda baƙin yaro ya fito a katunan wancan zamani, galibi don a yi dariya ne. Masu sabulu, waɗanda maƙwabtan masu magani ne a wannan sana'a, sun fito da abin fili. Kamfanin Pears, wanda ya sayi zanen John Everett Millais na 1886 mai nuna jikansa yana kallon kumfar sabulu, shi ne kuma ya yi tallar da farin yaro ke wanke baƙin yaro a baho, jikinsa ya koma fari, fuskarsa kaɗai ta rage. Ga mai karatu a wannan ƙasa ba sai an yi sharhi ba. Ta fuskar aji kuwa, matar da ke kwance cikin fararen zannuwa ba ita ce babbar mai sayen irin waɗannan magunguna ba. A garuruwan masaƙu na Ingila, irin su Manchesta, matan da ke wuni a masana'anta su ne ke barin jarirai wurin masu reno, su kuwa su ɗura musu Godfrey's Cordial, wani haɗin ofiyom, don su yi shiru. Friedrich Engels ya ambaci wannan a littafinsa na 1845 kan halin ma'aikatan Ingila. A shekarun 1890 kimanin jarirai 150 cikin kowane 1,000 ne ke mutuwa a Ingila kafin su cika shekara, kuma an daɗe ana rubuta fitar haƙori a takardun hukuma a matsayin sanadin mutuwa. Uwar da ke cikin wannan hali ba wawuya ba ce. Tsoro take ji, ga gajiya, ga kuɗin likita ya fi ƙarfinta. Katin ya sayar mata da abu biyu a farashi ɗaya: shirun yaro, da jin cewa ita ma uwa ce tagari kamar ta cikin hoton. Mu a ganinmu na biyun ya fi na farkon zalunci.

Jaridu sun daɗe ba su ce uffan ba, domin kuɗin tallar magunguna ne ke riƙe da yawancinsu, har wasu kamfanoni kan sa sharaɗi a yarjejeniya cewa za a soke tallar idan jihar ta yi dokar da ta taɓa su, abin da ya mai da editoci masu kare su. Bok ya daina karɓar irin wannan talla a 1892. A watan Oktoba na 1905 Samuel Hopkins Adams ya fara jerin maƙalunsa a mujallar Collier's, inda ya kai magungunan ɗakin gwaji ya buga sakamakon. Masu zanen mujallar suka mayar da martani da irin makamin abokan gaba: inda aka saba ganin fuskar jariri, sai ga ƙoƙon kan mutum kewaye da kwalabe. Ranar 30 ga Yuni, 1906, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu kan dokar abinci da magunguna, wadda sunanta ma ke ɗauke da kalmar nan pure. Ana iya cewa dokar hukunci ce a kan ma'anar kalma: ta ƙwace ta daga hannun tsarki ta miƙa wa tsantsa. Ba ta hana sayar da mofin ba; ta dai wajabta a rubuta a jikin kwalba idan akwai barasa ko mofin ko ofiyom ko koken ko makamantansu, da adadinsu. Wannan kaɗai ya sa kamfanoni da dama suka rage ko suka cire su, domin kalmar mofin ba ta zama lafiya kusa da kumatun jariri. A 1911 ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar da wani kundi da ta sa maganin Mrs. Winslow a sashen da ta kira na masu kashe jarirai. Duk da haka sunan bai bar kasuwa ba sai wajen 1930.

Ɗaya daga cikin 'yan wannan zuriya ya iso mu, har ya zauna a ɗakunan iyayenmu, wato ruwan giraif na Woodward, wanda William Woodward ya fara haɗawa a Nottingham a 1851. Shi ba shi da mofin, kuma tambarinsa ya bi wata hanya dabam: jariri Hakulis na tatsuniyar Girkawa yana shaƙe macizai biyu a shimfiɗarsa. A nan ba rauni aka nuna ba, ƙarfi aka nuna, kuma a cikin duk hotunan da muka duba shi kaɗai ne ya yarda cewa akwai maciji a ɗakin. Amma haɗin nasa na asali yana da barasa fiye da kashi uku cikin ɗari, ba a kuma cire ta a Ingila ba sai a farkon shekarun 1990.

Imanin cewa fitar haƙori ce ke kawo wa yaro zazzaɓi da gudawa yana nan da ransa a tsakaninmu, kamar yadda yake a Landan ta ƙarni na 19, kuma duk inda wannan imani yake akwai kasuwar maganinsa. A ƙarshen 2008 yara suka fara zuwa asibitoci a Legas da Kaduna fitsarinsu ya ɗauke, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya kai ga wani maganin haƙori na ruwa da aka haɗa a Legas. Bambancinsa da na Mrs. Winslow a fili yake, kuma wajibi ne a faɗe shi: wancan da saninsu suka zuba mofin, wannan kuwa gurɓataccen sinadari ne ya shiga haɗin, wato dayetilin gilaikol, irin wanda ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka a 1937 cikin wani maganin ruwa mai ɗanɗanon 'ya'yan itace. Inda suka haɗu shi ne bakin da suka yi wa uwa magana da shi. Sunan maganin My Pikin, wato ɗana, da harshen da uwa ke lallashin goyonta a Legas. Kwalbar ta ari muryar uwar ta kira yaron da ita. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 ne suka rasu, daga ɗan wata biyu zuwa ɗan shekara bakwai. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.